Ƙarafa Ashirin a Bakin Yaro Ɗaya

Da za a kwance ƙunshin kayan aikin cire 'yan wuya a gabanka, a ce ka nuna wuƙar, sai ka daɗe kana raba ido. Ƙarafa ne kusan ashirin jere a kan koren ƙyalle, dogaye, sirara, yawancinsu da lanƙwasa a baki, domin inda za su shiga rami ne mai zurfi, ƙofarsa kuwa bakin yaro ɗan shekara biyar. Akwai mai kama da tarkon ɓera. Akwai sanduna biyu masu jerin zobba. Akwai wani mai zargen waya a bakinsa, irin wanda yara ke ɗana wa ƙadangare. Masu kaifi a cikinsu ba su wuce biyu ko uku ba. Sauran duk an ƙera su ne don a buɗe baki a ga wuri, ko a tsare hanyar numfashi, ko a tsayar da jini.

Kafin a yi nisa, gara a raba abu biyu da mutanenmu kan haɗa. Tsaya gaban madubi ka wage baki. Ɗan naman da ke reto a tsakiya, daga ƙarshen ganɗa, shi ne beli, wanda wanzamai ke cirewa. Dama da hagu kuwa, wajen gindin harshe, akwai curin tsoka biyu a lafe cikin lungu, kowane tsakanin labule biyu na nama. Su ne 'yan wuya, waɗanda a asibiti za ka ji ana kira tonsil. Dangin kaluluwa ne, masu gadin ƙofa, suna tare ƙwayoyin cuta da ke shigowa ta baki da hanci. A lafiyayyen mutum ba su fi dabino ba. In sun yi ta kumburi sai su kai goro, har su kusa haɗewa a tsakiya, yaro ya kwana yana minshari kamar dattijo, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa, uwa tana zaune a kansa ta kasa runtsawa.

Yanke su ba wuya. Wuyar tana bayan yankan. Wannan 'yar tsoka jijiyoyin jini wajen biyar ke ciyar da ita, kuma babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana wucewa a bayanta, tazarar bai fi inci guda ba. Ga shi wurin da jinin zai zuba shi ne mashigar iska. Duk wani ƙarfe da aka ƙara a kan faifan kayan aikin nan cikin shekara dubu biyu, in ka bi sawunsa, za ka tarar wannan tsoron ne ya haife shi.

Daga yatsa zuwa almakashin Zahrawi

A ƙarni na farko na Miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Celsus ya bayyana yadda ake yi a zamaninsa. A zura yatsa a ƙwaƙule tsokar ta kowane gefe a fizgo ta. In ta ƙi, a soke ta da ƙugiya a yanke da wuƙa, sannan a wanke wurin da ruwan khal. Iyakarta ke nan.

Wanda ya zauna ya zana kayan aikin, har mai karatu zai iya kai wa maƙeri ya ƙera masa, shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rayu kusa da birnin Ƙurɗuba, ya rasu wajen shekarar 1013. Littafinsa At-Tasrif juzu'i 30 ne, na ƙarshen kan tiyata, ɗauke da zanen kayan aiki kusan 200. A babin 'yan wuya ya ce a zaunar da majiyyaci yana fuskantar rana, kansa a cinyar likita. Mataimaki ya danne harshe da wani siririn ƙarfe na azurfa ko tagulla. Likita ya maƙala ƙugiya ya jawo tsokar waje, ya kula kada ya haɗo da fatar da ke kewaye, sannan ya datse da wani almakashi mai lanƙwasassun baki biyu da ke haɗuwa daidai da juna. Daga nan majiyyaci ya kurkure da ruwan sanyi ko ruwan khal.

Abin da ya fi burge ni a babin nan shi ne inda ya hana. Ya ce in kumburin ya yi duhu, ya yi tauri, kada a kusance shi da ƙarfe. Sai wanda ya yi fari, ya yi kewaye, gindinsa siriri. Da ya zo kan beli kuma ya ja kunne cewa a rage abin da ya wuce kima kawai, don in aka zarce za a ɓata wa mutum murya da magana. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya juya juzu'in tiyatar zuwa Latin a birnin Toledo, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyon tiyata daga cikinsa.

Ka lura da abin da Zahrawi yake da shi: hasken rana, madannin harshe, ƙugiya, almakashi. Ba shi da abin sa barci, ba shi da abin zuƙe jini. Saboda haka dole ya yi sauri, kuma dole ya tsaya a abin da ya fito fili, ya bar gindin.

Zamanin ƙiftawar ido

Sauri shi ne ya mulki wannan aiki har farkon ƙarni na 20, kuma shi ya haifi na'urar da ta fi kowace suna a tarihinsa. Wani abin mamaki, ba don 'yan wuya aka fara ƙera ta ba. Don beli aka yi ta.

A 1828 wani babban likitan tiyata na birnin Filadelfiya a Amurka, Philip Syng Physick, ya ba da labarin majiyyacin da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsa, aka ga belinsa ne ya yi tsawo. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai yi murmushi, don hujjar da ake kai mutum wurin wanzami ke nan har gobe. Physick ya gyara wata tsohuwar na'urar yanke beli: faranti biyu na ƙarfe masu huda a ƙarshe, da reza mai zamewa a tsakaninsu. A zura naman cikin hudar, a tura rezar da babban yatsa, shi ke nan. Da ya ga ta yi, sai ya faɗaɗa hudar ta ɗauki 'yan wuya. Ba a daɗe ba aka laƙaba mata sunan gilotin, wato injin fille kai da Faransawa suka yi amfani da shi lokacin juyin juya halinsu. A 1832 William Fahnestock ya fito da tasa mai wuƙa kamar zobe, da ɗan mashi da ke soke tsokar ya riƙe ta, kada ta suɓuce ta faɗa maƙogwaro. A Landan kuma Morell Mackenzie, likitan maƙogwaron da ya yi jinyar Sarkin Jamus Frederick na Uku, ya sake gyara ta Physick, ya yi ta aiki da ita har ta zama abin da kowane likita ke ajiyewa a jaka.

Gilotin tana gama aiki kafin yaro ya gama buɗe baki ya yi kuka. Amma tana aske saman tsokar ne kawai, kamar a sare rogo a bar saiwa a ƙasa. Kututturen kan sake ruɓewa, wani lokaci ya sake tohowa. Wajen 1910 Whillis da Pybus a Newcastle, sannan Greenfield Sluder na St. Louis a 1911, suka gano dabarar tura tsokar gaba ɗaya cikin hudar da yatsa, a yi amfani da dakusasshen baki a murƙushe gindin maimakon a yanke shi. Jijiyar da aka murƙushe ta fi wadda aka yanka saurin toshewa. Wannan ilimi yana nan har yau a zargen wayar da ke kan faifan.

Maganin sa barci ya zo tun 1846, amma bai warware matsalar nan take ba. Ya ma ƙaro wata. Mai ido biyu in jini ya nufi huhunsa zai yi tari ya fitar. Wanda aka sa barci ba zai yi ba. Don haka shekara da shekaru ana ɗan shaƙa wa yaro magani ne na minti ɗaya ko biyu, a fizge tsokar, a kifa shi a gefe jinin ya zuba ƙasa. Sai da aka samu abin da zai riƙe baki a buɗe ba tare da hannun mutum ba, da abin da zai kwashe jini, da bututun da zai kai iska huhu, sannan likita ya samu abin da Celsus da Zahrawi da Physick ba su taɓa samu ba, wato sukunin ya tsaya ya duba. George Waugh ya bayyana hanyar ɓare tsokar a tsanake a Landan a 1909. A 1917 Samuel Crowe na asibitin Johns Hopkins ya fitar da bayanin aiki 1,000 da aka yi a can ta wannan salo.

Minti talatin a ɗakin tiyata

Yaro yana kwance rigingine, an sa masa matashi a ƙarƙashin kafaɗu, kansa ya ɗan rataya baya, don duk abin da ya zuba ya gangara wajen bayan hanci maimakon huhu. Likitan sa barci ya riga ya zura bututun numfashi ya manne shi a tsakiyar leɓen ƙasa. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana zaune ta saman kai, fitila ɗaure a goshinsa. Ita ce ta gaji ranar da Zahrawi ke sa majiyyaci ya fuskanta.

Abu na farko da nas za ta miƙa shi ne mabuɗin baki, wanda ake kira Boyle-Davis. Davis Ba'amurke ne, Boyle kuwa likitan sa barci ne a asibitin St Bartholomew na Landan, wanda ya yaɗa shi a Ingila. Firam ne na ƙarfe mai ƙugiya da ke kama haƙoran sama, da faffaɗan harshen ƙarfe da ke danne harshen yaro. Harsunan suna zuwa girma-girma, nas ta jera su kamar cokula, likita ya gwada daga leɓe zuwa kusurwar muƙamuƙi ya zaɓi daidai. In ya yi gajere gindin harshe zai rufe wurin aiki. In ya yi tsawo zai ji wa bayan maƙogwaro rauni. Ana jan sa sai ka ji ƙaras, ƙaras, ƙaras, haƙoran makullin suna kamawa, baki ya wage ya tsaya. A tsakiyar harshen ƙarfen akwai tsaga, dabarar Andrew Doughty ta 1957, inda bututun numfashi ke kwanciya don kada a matse shi. Kafin a ja, likita zai taɓa haƙoran yaron ɗaya bayan ɗaya. Shekarun cire 'yan wuya su ne shekarun famfara, haƙori mai girgiɗi kuwa in ya fita ba a sani ba yana iya zarcewa huhu.

Sai sandunan nan biyu masu zobba, na Draffin, waɗanda suka fito a 1951. A kafa su dama da hagu, a haɗa kawunansu sama da ƙirjin yaro, a rataya mabuɗin a jiki. Kafin su, sau da yawa mutum guda ne ke tsayawa riƙe da mabuɗin har a gama, hannunsa na rawa.

Yanzu wuri ya fito. Likita zai kama tsokar da dogon hantsaki mai baki kamar zobe, na Denis Browne, ya ja ta zuwa tsakiya har labulen naman gaba ya miƙe. Nan ne kaɗai kaifi ke shiga: 'yar tsaga da almakashi a saman labulen, ba ta fi faɗin farce ba. Daga nan sai ya ajiye almakashi ya ɗauki maɓari, siririn ƙarfe mai baki kamar ƙaramin cokali mai ɗan zarto, irin na Gwynne Evans. Tsokar tana cikin wata 'yar riga tata, tsakanin rigar da naman maƙogwaro kuma akwai sako-sakon wuri. Duk gwanintar aikin ita ce samun wannan wuri. In an same shi, tsokar na ɓaruwa kamar yadda ake ɓare dafaffen ƙwai, jini kaɗan. In an kuskure aka shiga cikin tsokar, sai ta dagargaje a bar guntaye. In aka zarce cikin nama, sai jini da zafi. Yaron da ya sha kumburi sau da yawa, ko babban da ya taɓa tara mugunya a wurin, tabo ya riga ya like rigar da nama, shi ya sa aikin manya ya fi na yara wuya.

Duk wannan lokaci hannun mataimaki yana riƙe da bututun zuƙa mai lanƙwasa da ɗan dunƙulallen kai mai hudoji, yana ta shan jini da yawu da ƙara kamar mai zuƙar ƙarshen kunu. Sidney Yankauer na birnin Niyok ya ƙera shi wajen 1907 musamman don wannan aiki. Yau da wuya ka shiga ɗakin tiyata a duniya ba ka gan shi ba, yawancin masu riƙe shi ma ba su san daga bakin yara ya fito ba.

In tsokar ta rage a rataye da gindinta kawai, can ƙasa kusa da harshe inda babbar jijiyarta ke shiga, sai a zura mata zargen waya na Eves, a ja a hankali har ya shaƙe gindin ya tsinke shi. Wasu likitocin sun fi son su kama gindin da lanƙwasasshen hantsakin Negus, su yanke, su ɗaure. A cusa curin auduga a ramin, a koma ɗaya gefen.

Rabin lokacin aikin a nan yake tafiya, bayan 'yan wuyan sun riga sun kwanta a cikin kwano. A zare audugar, a ɗaga labulen da ƙarfen Mollison, a leƙa. Duk inda aka ga jini na tsatsafowa a cafke bakin jijiyar da siririn hantsaki miƙaƙƙe, a sa lanƙwasasshen Negus a ƙarƙashinsa, a zagaya da zaren siliki. To, yaya za a ƙulla zare a ramin da yatsa biyu ba sa shiga? Victor Negus, likitan asibitin King's College, ya amsa da wani ɗan sanda mai tsaga a baki. A yi ƙullin a waje, a tura shi da sandan har ƙasa, a ja. Ƙarfen nan ba shi da kyan gani, in ka tsince shi a hanya ba za ka sunkuya ba, amma ni a ganina ya fi gilotin ceton rai nesa ba kusa ba.

Kafin a tashi, a sassauta mabuɗin na ɗan lokaci a sake buɗewa, don matsin kansa yana iya ɓoye jijiyar da ke zuba. A zura bututu bayan hanci a zuƙe gudan jinin da kan maƙale a can, wanda in aka manta shi yana iya faɗowa ya toshe numfashi bayan an cire bututun iska. Nas ta ƙirga auduga da ƙarfi kowa na ji. Sai lissafi ya cika ake zare mabuɗi.

Da aiki ya yi sauƙi

Kayan aiki masu kyau sun zo da nasu sharrin. Da cire 'yan wuya ya zama abin minti kaɗan, sai aka mai da shi maganin komai a Turai da Amurka: rashin cin abinci, rashin ƙiba, yawan mura, har da rashin ƙoƙari a makaranta. A 1934 wata ƙungiyar kula da lafiyar yara ta Amurka ta ɗauki yara 1,000 'yan shekara 11 a makarantun Niyok. An tarar 611 an riga an cire musu. Aka kai sauran 389 wurin likitoci, suka ce 174 na bukatar aiki. Aka kwashi 215 da aka wanke aka kai wa wasu likitocin daban, ba a gaya musu an taɓa dubawa ba, suka zaɓi 99. Aka sake kai ragowar 116 wurin rukuni na uku, suka zaɓi 51. Yara 65 kacal suka tsira da 'yan wuyansu, su ma don an daina zagayen ne. A Ingila James Alison Glover ya nuna a 1938 cewa yawan aikin ya danganta ne da ra'ayin likitan makarantar gunduma fiye da ciwon yaran. A 1959 an yi wannan aiki kusan sau miliyan 1.4 a Amurka kaɗai.

Sai a 1984 Jack Paradise da abokan aikinsa a Pittsburgh suka kafa ma'aunin da ake bi har yanzu: ciwon maƙogwaro mai tsanani sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 kowace shekara har shekara uku. Yau babban dalilin aikin a ƙananan yara ya koma toshewar numfashi cikin barci.

Wuta ko sanyin ƙarfe

Tun 1926, da William Bovie da Harvey Cushing suka shigo da lantarki ɗakin tiyata, ake neman hanyar yanka da ƙona jijiya a lokaci guda. Hantsakin lantarki yana yin haka, aiki ya yi sauri, jini ya ragu a kan tebur. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu wata na'ura da ake kira Coblation, mai narkar da nama cikin ruwan gishiri da zafin da bai fi digiri 40 zuwa 70 ba, alhali wutar lantarki ta gargajiya kan kai ɗaruruwa. A 2002 Peter Koltai ya bayyana hanyar aske tsokar da ɗan injin mai juyawa, a bar rigarta a manne ta rufe naman maƙogwaro. Zafi ya ragu, jini ya ragu, sai dai jefi-jefi tsokar kan sake tohowa. Wato bayan shekara ɗari ana zagin gilotin don tana barin gindi, an dawo ana barin gindin da gangan.

Birtaniya ta sha darasi mai ɗaci a kan kayan nan. Lokacin fargabar cutar haukan shanu, an gano sinadarin da ke haddasa nau'inta na mutane yana taruwa a 'yan wuya, kuma turara kaya a tukunyar asibiti ba ya kashe shi. A watan Janairun 2001 hukumar lafiya ta ba da umarni a koma kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Kafin shekara ta ƙare rahotannin zubar jini suka yawaita, har da rasa rai, don yawancin kayan yarwar ba su kai na asali inganci ba. A watan Disamba aka janye umarnin a Ingila. Wannan ya sa aka bi diddigin majiyyata kusan 40,000 a 2003 da 2004, sakamakon kuma ya ba mutane mamaki. Waɗanda aka yi wa aiki da zafi daga farko har ƙarshe sun ninka kusan sau uku wajen zubar jini bayan aiki, in aka gwada da waɗanda aka yi wa da sanyin ƙarfe da zare. Wuta tana tsayar da jinin yau, amma tana barin ƙuna mai zurfi da kan buɗe bayan mako guda.

Wannan labari ne mai daɗin ji a wurinmu. A asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da babban asibitin Yamai, akwai sassan kunne da hanci da maƙogwaro, kuma hanyar ƙarfe da zare ita ce aka fi bi a ƙasashenmu. Kan na'urar Coblation sau ɗaya ake aiki da shi a yar, kuɗinsa kuwa a aljihun uban yaro zai fito. Faifan ƙarafa, ko na Tuttlingen ta Jamus ne ko na Siyalkot ta Pakistan, inda ake ƙera kaso mai yawa na kayan tiyatar duniya, zai yi shekaru yana aiki in ana wanke shi, ana shafa wa gaɓoɓinsa mai, ana turara shi a digiri 134 na minti uku ko fiye. Uban da aka ce za a yi wa ɗansa da ƙarfe kada ya ɗauka an ba shi na talaka.

Zabira

Ina yaro na ga an cire wa ƙanina beli da safiyar suna. Kakarmu ce ta riƙe shi a cinya a bakin ƙofar ɗaki, inda hantsi ke faɗowa. Wanzamin gidanmu, dattijo mai natsuwa wanda shi ya yi wa babanmu kaciya, ya buɗe zabira ya zaro ɗan itace mai faɗi da wata 'yar aska mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje. Ya danne harshe, ya zura, ya murɗa hannu. Kafin in matso in gani da kyau har ya fito da ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa yana nuna wa tsofaffi, ana ta sa masa albarka. Ƙanina yana nan da ransa, da 'ya'yansa.

Da na girma na karanta babin Zahrawi, sai na ga hoton safiyar nan: haske daga ƙofa, kai a cinya, madannin harshe, lanƙwasasshen ƙarfe, sauri. Ba na raina hannun wanzami. Wanda zai cafko abu kamar ƙwayar shinkafa a bakin jariri mai motsi cikin daƙiƙa biyu gwani ne. Amma a zabirarsa babu mazuƙi, babu hantsakin kama jijiya, babu zare da sandan tura ƙulli, babu tukunyar turara ƙarfe. Yana da kashi na farko na faifan, wato masu kaifi, sauran goma sha bakwai ɗin babu.

Lissafin jinin kuwa ba ya da tausayi. Yaro mai kilo 20 jininsa duka bai fi ledar fiya wata uku ba. Jariri mai kilo 3, rabin leda. Cokalin cin abinci biyu in suka zuba, kashi ɗaya cikin goma ya tafi, kuma yawancinsa ba a gani, haɗiye shi yake yi. Ƙari a kan haka, a makon farko na haihuwa jikin jariri yana da ƙarancin bitamin K da ke sa jini ya daskare, wato ranakun da aka fi kiran wanzami su ne ranakun da jinin ya fi wuyar tsayawa. Likitocin yara a Arewa da Nijar sun saba karɓar jariran da aka kawo fari fat bayan cire beli, da waɗanda wurin ya ruɓe, da waɗanda cutar sandarewar jiki mai ƙulle muƙamuƙi ta kama. Aska ɗaya a baki da yawa kuma hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Babba mai ciwon maƙogwaro da aka cire wa beli, in 'yan wuyansa ne ke ciwo, an yanke marar laifi an bar mai laifi, ciwon zai dawo da sanyin baɗi.

Ko a asibiti ba a gama da jini ranar aiki. Shi ya sa ake auna jinin yaro tun kafin a sa rana, a tambayi iyaye ko akwai mai yawan haɓo a dangi, mai sikila kuma a yi masa shiri na musamman. Bayan an koma gida, ramukan biyu za su yi fari kamar an shafa alli, baki ya yi wari, kunne ya yi ciwo ko da lafiyarsa lau, don jijiya ɗaya ce ke kai saƙo daga wuraren biyu. Uwa takan tsorata ta ce mugunya ce. Ɓawon warkewa ne, kuma cin abinci da shan ruwa ne ke share shi. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 ɓawon ke faɗuwa, a nan ne yara kaɗan daga cikin ɗari jini kan ɓalle musu. Alamar ba kullum ja a matashi ba ce. Wani lokaci yaro ne kawai za a ga yana ta haɗiya a cikin barci, ko ya yi aman baƙin jini. Wannan ba ya jiran gari ya waye, ba ya jiran a nemo mai magani a unguwa.

In aka iso da shi cikin dare kuma jinin ya ƙi tsayawa da auduga, nas za ta sauko da ƙunshin nan daga kanta ta kwance. Almakashi da maɓari da zargen waya za ta ture su gefe. Mabuɗin baki za ta miƙa, da bututun Yankauer, da lanƙwasasshen hantsakin Negus, da zare.